Mun Zaga Cocin Rahere Muna Zaune a Birnin Kebbi: Sharhi Kan Hidimar Jagoran Ziyara ta Bidiyo

A hunturun da ya wuce, mu tara, galibinmu malaman tarihi a makarantun sakandare na Birnin Kebbi, muka yi karo-karo muka ɗauki wani jagoran masu ziyara da ke zaune a Landan domin ya zaga da mu cikin wani tsohon coci ta bidiyo kai tsaye, shi yana tafe da wayarsa a hannu, mu kuma muna zaune a falon wani abokin aikinmu a unguwar Gesse muna kallon abin da majigi ke haskawa a bango. Cocin shi ne wanda ake kira St Bartholomew the Great, da ke unguwar Smithfield, wanda wani mutum mai suna Rahere ya aza harsashinsa a 1123, ya kuma cika shekara 900 a 2023. Ba zan faɗi sunan jagoran ba, domin ina da yabo gare shi ina kuma da ƙorafi, kuma ba adalci ba ne in kama sunan mutum cikin harshen da ba ya ji balle ya kare kansa. Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko kuɗin da muka kashe ya biya bukata, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya kasance dalla-dalla.

Mun saba haɗuwa sau ɗaya a kowane zangon karatu mu tattauna wani batu da ba ya cikin manhaja. A zangon baya mun je Argungu mun ga gidan tarihi na Kanta, wanda asalinsa fadar sarki ce da aka gina a 1831 kafin a mayar da ita wurin ajiye kayan tarihi, a hanyar dawowa kuma muka shiga muhawara kan abin da ke samun gini idan masu shi na farko suka kau: wa ke gadonsa, me ake rushewa, me ake bari, kuma da wace hujja. Wata abokiyar aikinmu 'yar Zuru, Kirista mabiyar Katolika, ita ce ta ce idan muna son misali daga wata nahiya, to mu duba tsofaffin coci-cocin unguwa na Ingila, domin da yawa daga cikinsu asalinsu gidajen ruhubanawa ne da sarki ya ƙwace, mutanen unguwa suka tsira da wani ɓangare. Ita ta samo jagoran a intanet, ita kuma ta zaɓi wannan coci, saboda ƙungiyoyin ibada biyu ne, ta Agustin da ta Dominikawa, suka zauna a cikinsa a zamani daban-daban. Abin da muka rubuta masa a fili shi ne muna son tarihin cocin da kuma alaƙarsa da waɗannan ƙungiyoyi. A riƙe wannan, domin a kansa ƙorafina zai tsaya.

Yin rajista bai ba mu wahala ba, biyan kuɗin ne ya ba mu. Da fam ake biya, katin banki na mutum uku daga cikinmu ya ƙi wucewa, sai da wani tsohon ɗalibina da ke karatu a can ya biya a madadinmu muka tura masa naira. Sai kuma maganar lokaci. Jagoran ya rubuta ƙarfe biyu da rabi na rana bai ce da agogon wace ƙasa ba, mu kuma muka sha'afa cewa a lokacin sanyi Landan tana bayanmu da awa ɗaya, ko da yake a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya ne. Muka hallara tun bayan Azahar, janareto yana ta shan mai, ba a fara ba sai ƙarfe uku da rabi a agogonmu. Mu ma muna da namu kason na sakaci, amma mai sayar da hidima ga mutanen wasu ƙasashe shi ya fi cancanta ya fayyace wannan tun a takardar farko.

Daga waje ya fara, kuma a ganina babu abin da ya yi a duk tsawon ziyarar da ya kai wannan hikima. Ya tsaya a bakin titi ya nuna mana wata ƙofar dutse mai baka, wadda aka ɗora wa wani ɗan bene na katako da farin shafe a samanta a 1595. Ya ce an daɗe da rufe fuskar benen da wani abu daban, har mutane suka manta da katakon, sai da bam ɗin Jamusawa ya girgiza unguwar a Yaƙin Duniya na Ɗaya sannan tsohuwar fuskar ta bayyana. Daga nan ya ce mu lura da kyau, wannan ƙofa tun asali ba ta shiga haraba ba ce, ɗaya ce daga ƙofofin shiga cikin cocin kansa, kuma aikin ƙarni na 13 ce. Sai ya shige ta a hankali, yana ƙirga takunsa da ƙarfi domin mu ji, ya bi wata siririyar hanya, ga tsofaffin kaburbura da ciyawa a gefe, sama kuma a buɗe, har ya isa ƙofar da ake shiga a yanzu. A nan ya juyo da wayar baya ya ce duk filin da ya ratsa, a dā babban zauren coci ne mai rufi, an rushe shi bayan 1539. Falon ya yi tsit. Na sha karanta cewa an rushe rabin ginin, amma ban san girman abin da ake nufi da rabi ba sai da na ga mutum yana taka wurin yana ƙirgawa, na kuma tabbatar da cewa gani ya kori ji.

Da ya shiga ciki, abin da ya fara cika mana bango shi ne ginshiƙai gajeru masu kauri, zagayayyu, kowane biyu an haɗa su da baka mai siffar rabin da'ira, a samansu wani jerin bakuna ƙanana, can ƙoli kuma tagogi masu tsini. Babbanmu a wurin, wani tsohon hedimasta da dukanmu muke kira Baba, ya ɗan matso da kujerarsa ya ce, "Ai wanga bakan gizo ne, sai dai su da dutse sunka yi nasu." Gaskiya ya faɗa, domin duk wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon zauren sarki na ƙasar Hausa ya san yadda baka ke ɗauke nauyin rufi ya sauke shi a kan bango, sai dai maginanmu da azara da ƙasa suke ɗaura nasu. Jagoran ya bayyana cewa bakunan ƙasa salon Normawa ne, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, tagogin sama kuma an sake su ne kusan shekara ɗari uku bayan haka, lokacin da salon tsini ya riga ya samu karɓuwa. Ya kusantar da wayar jikin wani ginshiƙi har muka ga layin da ke tsakanin dutse da dutse da inda aka cike gurbi da sabon dutse mai ɗan haske. Wannan ita ce baiwarsa: yana sa mutum ya karanta bango kamar takarda, ya gane wane hannu ne ya riga wane.

Wanda ya kafa wurin sunansa Rahere, mutumin fadar Sarki Henry na ɗaya ne. Ya tafi ziyarar ibada birnin Roma, ciwo mai tsanani ya kama shi a can, ya yi bakance cewa idan ya tashi zai gina wa talakawa asibiti. Labarin gidan ya ce a hanyarsa ta dawowa Bartalamawus, ɗaya daga almajiran Annabi Isa goma sha biyu, ya zo masa a wahayi ya umarce shi ya gina coci a Smithfield. Wurin a lokacin fili ne mai danshi a bayan ganuwar birni, inda ake cin kasuwar dawaki da shanu, wato kara a namu harshen, kuma inda ake zartar da hukuncin kisa. Sarki ya ba shi filin, ya kafa abu biyu a 1123, gidan masu ibada da asibiti, ya zama shugaban gidan na farko har ya rasu wajen 1144. A 1133 sarkin ya ba gidan takardar da ta tabbatar masa da kasuwar shekara da ake ci a ranar bikin Bartalamawus, 24 ga Agusta, kasuwar da ta yi suna wajen cinikin yadi, ta kuma ci gaba har 1855. Titin da ke gefen cocin har yau sunan kasuwar yadin yake ɗauke da shi.

A nan na fara jin rashin gamsuwa. Jagoran ya shafe mintuna masu yawa kan labarin cewa Rahere wawan sarki ne ko mawaƙin fada kafin ya tuba, yana kwaikwayon muryoyi, alhali rubutattun bayanai sun nuna shi a matsayin malamin coci mai riƙe da muƙami a babban cocin St Paul's na Landan. Na san dalilin da ya sa yake yin haka, domin masu yawon buɗe ido suna son labarin da zai sa su dariya, mu ma a nan mun san yadda labarin baka ke yi wa manyan mutane ado. Amma mu malaman tarihi ne, mun gaya masa haka, kuma da ya ce mana ga abin da takarda ta tabbatar ga kuma abin da baki ya ƙara, da ya fi mana amfani.

Kabarin Rahere yana gefen arewa na wurin da ake jagorantar ibada, kuma a nan jagoran ya dawo da martabarsa. Ya tsaya cik, ya daina magana na ɗan lokaci, ya bar mu muka kalla. Siffar mutum ce kwance a rigingine, hannuwa haɗe a ƙirji, sanye da baƙar alkyabba, a gefensa wasu ƙananan siffofi biyu durƙushe riƙe da littattafai a buɗe, wajen ƙafafunsa kuma siffar mala'ika ɗauke da garkuwa. Ya yi mana adalcin cewa ba a zamanin Rahere aka sassaƙa ta ba, an yi ta ne wajen 1400, saboda haka ba kamanninsa ba ne, yadda magadansa suke son a tuna da shi ne. Daura da kabarin, can sama a bangon kudu, akwai wata taga da ta turo ciki kamar ƙaramar baranda, wadda William Bolton, shugaban gidan a farkon ƙarni na 16, ya gina domin ya riƙa hango abin da ke gudana a ƙasa daga masaukinsa. A ƙarƙashinta an sassaƙa kibiya ta huda ganga, domin idan aka haɗa kalmar irin wannan kibiya da ta irin wannan ganga a Turanci sai su ba da sunan Bolton. Sai da ya ɗaga wayar da sanda mai tsawo kafin mu gan ta sosai, kuma ya maimaita sau biyu da muka roƙa ba tare da nuna ƙosawa ba.

Ana cikin haka La'asar ta yi. Na gaya masa za mu tashi na minti goma, ya ce babu komai, ya zauna a kan benci ya jira, kuma a ƙarshe ya mayar mana da mintunanmu bai nemi ƙarin ko kwabo ba. Wannan halin kirki ne da ya kamata in rubuta.

Bayan mun dawo ya shiga labarin rushewar gidan. A 1534 majalisar Ingila ta amince cewa Sarki Henry na takwas ne shugaban cocin ƙasar ba Paparoma ba, a shekara mai zuwa aka ƙididdige dukiyar gidajen ibada, tsakanin 1536 da 1540 kuma aka rufe fiye da 800 daga cikinsu ƙarƙashin kulawar Thomas Cromwell, babban ministan sarkin. Wannan gida ya miƙa wuya a 1539. Richard Rich, wanda ke shugabancin ofishin da ke kula da kadarorin da aka ƙwace, shi ne ya saye shi daga baya. Aka rushe babban zauren, aka bar wa mutanen unguwa ɓangaren gabas, wato wurin da masu ibadar suke tsayawa su rera addu'o'insu, ya zama cocin unguwa. Jagoran ya nuna cewa wannan ya saɓa wa abin da aka fi gani, domin a wurare kamar Dunstable da Waltham, waɗanda su ma na ƙungiya ɗaya ne da wannan gida, babban zauren ne ya tsira saboda shi jama'ar gari suka saba amfani da shi, aka rushe ɓangaren masu ibada. Wannan bayani shi ne amsar muhawarar da muka faro a hanyar Argungu: abin da ke tsirar da gini shi ne a samu jama'ar da ke da haƙƙin shiga cikinsa kullum, ba girmansa ko kyansa ba. Baba ya tunatar da mu cewa a daidai shekarun da Henry yake mulki, daga 1509 zuwa 1547, Kanta Kotal yana kafa daular Kabi yana ɗaga ganuwar Surame da dutse, kuma Surame ta zama kufai ne bayan da jama'arta suka tashi.

Abin da ya biyo baya jagoran ya bi shi da sauri, kuma daidai ne. Gobarar Landan ta 1666 ta tsaya kusa da wurin ba ta taɓa shi ba. An yi hasumiyar bulo a 1628. An yi wa mai zane William Hogarth baftisma a nan a 1697. Sauran sassan ginin suka koma hannun masu sana'a: ɗakin ibada na can ƙuryar gabas ya zama maɗaba'a, inda Benjamin Franklin na Amurka ya yi aikin jera haruffa a 1725, hannun arewa na ginin ya zama maƙera, barandar tsakar gida ta zama bargar dawaki. Ya nuna mana wasu duwatsu da suka yi baƙi ya ce hayaƙin maƙerar ne. Sai daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 aka fanso waɗannan sassa aka gyara su ƙarƙashin mai tsara gine-gine Aston Webb.

Yanzu ga babban ƙorafina. Mun shafe fiye da awa guda muna jin sunan ƙungiyar Agustin, amma bai taɓa tsayawa ya ce ga su wane ne ba, ga abin da suke yi daga asuba zuwa dare, ga kuma abin da ya sa mai bakancen gina asibiti ya zaɓe su ba wasu ba. Baba ne ya gaji ya ce mini, "Malam, tambai shi, shi wanga Agustin ɗin mutumin ina ne, kuma mi ya rubuta musu?" Na tambaya. Ya amsa da jimla biyu, cewa wani babban malamin coci ne na dā kuma mabiyansa suna sa baƙaƙen tufafi, ya wuce zuwa wani kabari. Abin ya yi mini ciwo, domin amsar tana da nauyi a wurinmu fiye da yadda ya zata. Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, ya rasu a can a 430. Ke nan ƙa'idar zaman da aka bi a wannan gida na Landan fiye da shekara 400 daga arewacin nahiyarmu ta fito, kuma jagoran da ke magana da malamai tara 'yan Afirka bai ga dalilin faɗin haka ba.

Abokiyar aikinmu 'yar Zuru ce ta cike giɓin bayan an kashe majigi, ta ce, "Baba, bari in ƙarasa muku abin da ya bari." Ƙa'idar Agustin gajeriya ce, kuma ginshiƙinta shi ne mazauna gida ɗaya su zama zuciya ɗaya, kada kowa ya kira wani abu nasa, shugaba ya raba abinci da sutura gwargwadon bukatar kowa ba daidai wa daida ba, a kula da marar lafiya kulawa ta musamman, a ajiye tufafi wuri ɗaya, a nemi littattafai a lokacin da aka ƙayyade, a kuma gaggauta yafe wa juna idan an saɓa. Masu binta a irin wannan gida limaman coci ne da suka ɗauki alkawarin talauci da rashin aure da biyayya, suna haɗuwa su yi addu'a a ƙayyadaddun lokuta dare da rana, amma ba a kulle suke ba kamar ruhubanawa mabiya Benedict, waɗanda rayuwarsu ta fi karkata ga cikin katanga. Suna iya fita su jagoranci ibada a cocin unguwa, su kula da baƙi da majinyata. Saboda haka ne sarakunan Ingila na farkon ƙarni na 12 suka rungume su, har matar Henry na ɗaya, Sarauniya Matilda, ta kafa musu gida a Aldgate cikin Landan a 1108, shekara goma sha biyar kafin na Rahere. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa coci da asibitin ba abu biyu ba ne da suka yi maƙwabtaka bisa katari, aiki ɗaya ne mai fuska biyu.

Mu Musulmin cikin falon mun san babu ruhubananci a addininmu, kuma ba na son a ɗauka ina daidaita abubuwan da ba ɗaya suke ba. Duk da haka, wanda ya tashi a ƙasar Gwandu, ya san yadda almajirai ke taruwa a gidan malami su ci daga tukunya ɗaya, ya san zawiyya da wuridi mai lokaci, ya san gona ko gida da ake bayarwa wakafi domin ciyar da masu karatu, ya kuma san yadda ake ziyartar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ba zai rasa tambayoyi masu zurfi kan irin wannan gida ba. Daga ina abincinsu yake fitowa, wa ke naɗa shugaba, yaya suke da sarki, yaya kuma suke da talakan da ke bayan katanga. Waɗannan muka biya kuɗi domin mu ji, kuma a kansu ne aka fi ba mu kaɗan.

Haka ya yi da ƙungiya ta biyu. Ya ambata a gurguje cewa a zamanin Sarauniya Mary, wadda ta mayar da ƙasar ga Katolika, an zaunar da Dominikawa a ginin daga 1556 zuwa 1559, da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta hau kuma aka sallame su wurin ya koma cocin unguwa. Bai ce Dominikawa masu wa'azi ne da suka dogara da sadaka maimakon gonaki ba, bai kuma ce da Dominic ya kafa ƙungiyarsa, wadda Paparoma ya amince da ita a 1216, ƙa'idar Agustin ɗin nan ya ɗauka ba. Wannan ita ce igiyar da ta ɗaure tarihin wurin gaba ɗaya, domin mutanen da suka shigo a 1556 tufafinsu da aikinsu daban ne da na mutanen Rahere, amma takardar da ake karanta musu a matsayin dokar zama ɗaya ce. Asibitin ma daga nesa ya haska mana ƙofarsa a minti na ƙarshe, inda siffar Henry na takwas take tsaye a sama, ya ce sarkin da ya rufe gidan ibadar shi ne ya sake kafa asibitin ya miƙa shi ga hukumar birnin Landan a ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana jinyar mutane a daidai filin da Rahere ya samu.

Ta fuskar na'ura, muryarsa ta fita tangaran domin ya maƙala ƙaramin makirufo a wuyan rigarsa, hoton kuma bai cika rawa ba. Sabis ya ɗauke sau biyu, sau ɗaya daga wajenmu, sau ɗaya daga wajensa lokacin da ya shiga bayan ginshiƙai masu kauri, kuma duk sau biyun ya koma daidai inda aka tsaya. Turancinsa yana da sauri, sai da na roƙe shi ya sassauta. Babbar matsalar ita ce haske. A watan Janairu rana tana faɗuwa a Landan jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, cikin cocin kuma dama duhu-duhu ne, saboda haka kashi na ƙarshe na ziyarar inuwa muka riƙa gani. Shi da ke zaune a garin ya san haka, ya kamata ya ba mu shawarar safiya tun da muke zaɓen lokaci. Bai kuma bar mana faifan ziyarar ba, ya ce sharaɗinsa ke nan, ya dai turo hotuna goma sha biyu washegari tare da zanen taswirar ginin da ke nuna abin da ya tsira da abin da aka rushe, kuma taswirar nan ta yi mini amfani ƙwarai.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya ɗauki irin wannan hidima, amsata ita ce ya ɗauka idan za a yi karo-karo, domin ga mutum ɗaya mai albashin malami kuɗin ya yi nauyi, idan aka raba wa tara kuwa bai fi ƙarfin kowa ba. Ba zan sa ɗaliban sakandare a gabanta ba sai na riga na yi musu darasi biyu ko uku kan su wane ne ruhubanawa da abin da ya haɗa Henry da Paparoma, in ba haka ba sunaye ne za su riƙa wuce su. Wanda ke son ya ga yadda ake karanta tarihi a jikin dutse zai samu fiye da abin da ya biya. Wanda ke son ya san rayuwar mutanen da suka zauna cikin dutsen kuwa sai ya zo da nasa guzurin, ko ya tabbatar akwai mai irin sanin abokiyar aikinmu a cikin ɗakin.

Bayan mako guda na rubuta wa jagoran duk abin da na faɗa a nan, ban rage komai ba. Ya amsa cikin ladabi, ya ce ba a saba yi masa irin waɗannan tambayoyi ba, ya kuma nemi in turo su a rubuce. Mun tura guda uku, kan kuɗin shigar gidan, da yadda ake zaɓen shugaba, da yadda asibitin ya rabu da ikon gidan sannu a hankali kafin rushewar. Mun sake kama lokaci na zango mai zuwa, ƙarfe goma na safe a agogon Najeriya, an rubuta haka baro-baro a takardar, kuma mun ce ya fara daga ɓangaren barandar tsakar gida da ya tsira, wanda duhu ya hana mu gani.